Mutuwar hannu cikin dare: sanyi ne, ko jijiya ce ta danne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Jahun, shekarata 47, ina kuma taɓa noman shinkafa na rani. Wata uku ke nan hannuna na dama yana mutuwa cikin dare, sai na tashi na yarfa shi kafin ya dawo. Idan na daɗe a kan babur ma haka. Kwanan nan wuyana ya fara riƙewa, ciwo yana sauka ta kafaɗa. An yi mini ƙaho a kafaɗar, na sha haɗin kemis, babu sauƙi. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce somin shanyewar ɓarin jiki ne. Maiɗakina tana da juna biyu, ita ma tana kukan hannuwanta. Me ke kawo wannan, kuma mene ne maganinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ita kuma Allah ya sauke ta lafiya.

Bari in fara sauke maka nauyi ɗaya. Abin da ka kwatanta bai yi kama da shanyewar ɓarin jiki ba. Ita ba ta yin wata uku tana leƙowa cikin dare, a yarfa hannu ta koma. Farat ɗaya take faɗowa: baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu da ƙafa na gefe guda su saki. Duk wanda aka ga haka a jikinsa, ko da ya warware bayan minti goma, asibiti za a nufa da shi a lokacin, ba a jiran wayewar gari. Haka nan ciwon hannu, musamman na hagu, idan ya zo da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, wannan maganar zuciya ce. Naka kuwa, a yadda ka faɗa, jijiya ce wani abu ya danne, ina ma zargin a wuri biyu. A sashen gashi da motsa jiki inda nake aiki, da wuya mako ya wuce ba mu ga irinsa ba, ballantana bayan girbi.

Jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa hannu daga laka suke fitowa, ta wuya. Ƙasusuwan wuya 7 ne a jere, da faya-fayen guringuntsi a tsakaninsu, kuma gefe da gefe akwai 'yan ƙofofi da jijiyoyi ke fita. Biyar daga cikin jijiyoyin nan ne ke da alhakin hannu. Sukan haɗu su sarƙe tsakanin wuya da hammata, sannan su rabu, manya uku su gangara har yatsu. Hanyar tana da nisa, kuma akwai wuraren da take matsewa: ƙofar wuya, bayan damtse, gwiwar hannu, wuyan hannu. Kai mai noman rani ne, ka san idan amalanke ya taka tiyo a bakin ruwa, can ƙarshen gona ake ganin ruwa ya tsaya, kuma wanda ya tsuguna yana zungurar bakin tiyon ba zai samo komai ba. Inda kake jin ciwon ba lallai ne nan matsalar take ba. Shi ya sa ƙahon kafaɗa bai yi maka komai ba.

To yaya za a gane inda aka taka? Yatsu ne ke faɗa. Daren yau idan hannun ya tashe ka, kada ka yi saurin yarfawa. Sa ɗaya hannun ka mintsini yatsun ɗaya bayan ɗaya, ka lura da waɗanda suka mutu da waɗanda ke da rai. Wannan ɗan aikin ya fi hoton da za ka kashe kuɗi a yi maka amfani a matakin farko.

Idan babban yatsa ne da manuni da na tsakiya da rabin yatsan zobe, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau, to jijiyar tsakiya ce ta matse a wuyan hannu. Wannan shi ya fi kowanne yawa, kuma shi nake zargi a kanka. A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wani matsattsen lungu: ƙasa da gefe ƙashi ne, sama kuma wani kauri mai tauri ya rufe shi. Ta cikinsa igiyoyin tsoka 9 masu lanƙwasa yatsu ke wucewa, jijiyar ce ta goma. Lungun ba ya buɗewa. Da zarar igiyoyin nan sun ɗan kumbura, ko an lanƙwashe wuyan hannu an daɗe, jijiyar ce ke shan matsa, don ita ce mai laushi a cikinsu. Dalilin da ya sa ya fi tashi da dare kuwa, yawancinmu da hannu a naɗe muke barci, a ƙarƙashin kai ko a ƙirji, ga shi ruwan da ya taru a ƙafafu da rana yakan bazu cikin jiki idan an kwanta. Yarfa hannun da ka ambata, ko a asibiti alama ce da muke tambaya da kanmu.

Akwai gwajin da za ka iya yi a zaune, wanda wani likitan Amurka mai suna George Phalen ya yaɗa a shekarun 1950. Haɗa bayan hannuwanka biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, wuyan hannu a lanƙwashe sosai, ka tsaya minti ɗaya. Idan minjirya ta taso a yatsun nan kafin mintin ya cika, zargin ya ƙara ƙarfi. Ko kuma wani ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun da yatsa, ka ji kamar jan lantarki ya tafi yatsu.

Abin da ke jawo shi a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Aikin da ke son damƙa da ƙarfi ana maimaitawa, ko abin da ke girgiza hannu: riƙon fartanya wuni guda, yanka da lauje, bugun shinkafa a jikin duro, kan babur a hanyar burji mai gargada. Ga mata kuma daka, tuƙin tuwo, matsar wanki, jan guga, tatsa, murza ƙuli. Mata sun fi maza kamuwa da shi nesa ba kusa ba, sai dai sun fi yin shiru da shi. Sau da yawa sai tsokar gindin babban yatsa ta lotsa, allura ta gagari uwa zarewa, sannan ake kawo ta.

Idan kuma ƙaramin yatsa ne da rabin yatsan zobe da gefen tafin da ke ƙarƙashinsu, to wata jijiyar ce daban, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, daidai wurin nan da idan ka buge shi da ƙofa kake jin tsirrr har ƙaramin yatsa. A nan fata ce kawai ta rufe ta, kuma duk lokacin da aka lanƙwashe gwiwa sai ta miƙe ta ɗaure. Masu barci da hannu a matsayin matashi, masu dogara gwiwa a kan tebur suna duba littattafan yara, masu ɗinkin hula, masu manna waya a kunne awa guda, direbobi masu ɗora gwiwa a tagar mota, su ne mutanenta. Wannan jijiyar takan kuma danne a gefen tafin hannu ga 'yan acaɓa da masu keke, saboda jingina nauyin jiki a kan hannun abin hawa. Bambancin da muke dubawa: idan har bayan hannu ta gefen ƙaramin yatsa ya mutu, daga gwiwa ne; idan tafi da yatsu ne kaɗai, ya fi yiwuwa daga tafin ne. Ina jin tsoron wannan jijiyar fiye da ta tsakiya, don ba ta cika ciwo ba, sai dai ta ci ƙananan tsokokin hannu a hankali. Mutum ya farga ya ga rami tsakanin babban yatsa da manuni, yatsu biyu na ƙarshe sun fara ƙanƙamewa.

Ta uku tana zagayawa ta bayan damtse, manne da ƙashi. Ita ba mutuwar yatsu ce babbar alamarta ba, faɗuwar hannu ce: mutum ya tashi da safe ya kasa ɗaga wuyan hannunsa, ya yi lagwal. Yawanci barci mai nauyi ne da hannu rataye a bayan kujera ko benci, ko wani ya kwana a kan damtsen, ko sandar guragu da ake cusawa a hammata. Mutane kan firgita su ce shafar iska ce. Galibin irin wannan yana warkewa da kansa cikin makonni zuwa wata biyu ko uku, in dai an tallafe hannun ana motsa yatsun don kada su sandare. Amma a bar likita ya tabbatar, don shanyewar jiki ma takan yi shigar burtu ta wannan fuska. Jijiyar nan tana kuma samun rauni idan ƙashin damtse ya karye. A nan dole in tsaya in yi wata magana: ɗorin da aka ɗaure tamau, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka mutu, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance shi a tafi asibiti a wannan sa'ar. Awanni kaɗan suke kashe tsoka da jijiya. Yaran da aka yanke wa hannu saboda an ce a yi haƙuri ɗori ne ke kamawa, duk wanda ya yi aiki a sashen ƙashi a ƙasar nan ya gan su.

Saura wuya, wanda ka ce ya fara riƙewa. Daga shekara 40 zuwa sama faya-fayen nan na guringuntsi sukan fara bushewa su lotse, ƙashi ya tsiro 'yan ƙayoyi a gefe, ƙofar jijiya ta ƙuntata. Ga mai ƙananan shekaru kuma faifan ne yakan tsage ya bultso ya taɓa jijiya, sau da yawa bayan ɗaga abu mai nauyi. Wanda ya tashi da dakon kaya a ka, buhu ko itace ko jarka, wuyansa yakan riga shekarunsa tsufa. Ciwon wuya ya bambanta da na wuyan hannu ta hanyoyi da dama. Yana farawa daga sama, ya soki allon kafaɗa, ya gangara ta damtse. Ɗaga kai sama ko karkatar da shi ɓangaren ciwon yana tayar da shi, tari da atishawa ma haka. Da yawa sukan ce idan sun ɗora tafin hannu a ka suna samun sauƙi, kuma gaskiya ne, don hakan yana sassauta jijiyar. Idan aka ƙirga jijiyoyin wuya daga sama, wadda ta fi yawan dannewa ita ce ta bakwai, mai zuwa yatsan tsakiya da tsokar bayan damtse. Sai ta shida, mai zuwa babban yatsa da manuni. Ka ga ke nan ta shida tana iya kwaikwayon matsalar wuyan hannu, kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyun. Wata alama mai taimako: idan yatsan zobe ya rabu biyu, gefe guda a mace gefe guda da rai, matsalar tana ƙasa ne, ba wuya ba. Jijiyar wuya ba ta raba yatsa haka.

Kafin maganar magani, akwai cututtukan da ke ɓuya a bayan wannan ciwo, kuma rashin neman su ne ke sa a yi ta gashi a banza. Na farko ciwon suga. Yana raunana jijiyoyi har matsa kaɗan ta ishe su. A shekarunka, ko ba ka jin komai, je a gwada da safe kafin ka karya. Kowane babban asibiti da yawancin ƙananan asibitoci suna yi. Idan ƙafafu biyu ne suka fara zafi ko mutuwa kafin hannu, ya fi kama da suga, ko ƙarancin bitamin B12, ko illar wani magani, kamar ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, ba dannewa ba. Raunin aikin halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da ƙiba, da ciwon gaɓoɓi mai kumburi, duk suna cika lungun wuyan hannu.

Na biyu, wanda ba a son ambato, kuturta. Har yanzu tana nan a Kano da Jigawa, kuma jijiyar gwiwar hannu na cikin waɗanda ta fi kamawa. Idan akwai wani tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, an taɓa shi da auduga ba a ji, ko jijiyar gwiwa ta yi kauri ana jin ta a ƙarƙashin fata, a nemi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma. Maganin wata 6 ne ko wata 12, tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da shi kyauta, kuma wanda ya fara da wuri yakan warke ba tare da nakasa ba. Kunya ce ke cin yatsu a wannan ciwon, ba rashin magani ba.

Batun sanyi kuwa, gaskiya ne ciwon yakan tsananta da hunturu, ko bayan an wuni cikin ruwan fadama da asuba. Amma sanyi yana tsokano shi ne, ba shi ya haife shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne da an ce sanyi, sai a tafi kemis a haɗo magungunan kashe ƙwayoyin cuta, alhali babu wata ƙwayar cuta a nan.

Magani na gaskiya shi ne a ɗage abin da ya danne. Ƙwaya tana rage zafi ne kawai kafin hakan ta samu.

Ga wuyan hannu, abin da ya fi kowanne aiki kuma ya fi araha shi ne a hana shi lanƙwashewa cikin dare. Akwai abin ɗaurawa mai ɗan ƙarfe a ciki da ake sayarwa a manyan kantunan magani na Dutse da Kano. Idan bai samu ba, ninka kwali mai tauri, faɗin tafi, tsawonsa daga tsakiyar tafi zuwa rabin sangalin hannu, naɗe shi da tsumma mai laushi, ka ɗora ta ɓangaren tafi ka ɗaure da bandeji. Hannun ya miƙe sak, kada ya kalli sama ko ƙasa, yatsu a sake, kuma ɗaurin ya zama yatsa na iya shiga ƙarƙashinsa. Kowane dare, mako 4 zuwa 6, ba fashi. Mutane kan yi kwana uku su ce bai yi ba. Da rana a cire. Ƙotar fartanya da lauje a naɗa musu roba ko tsumma su yi kauri, don ƙota siririya ta fi sa a damƙe da ƙarfi. Hannun babur ma a naɗa masa soso ko a sa safar hannu mai kauri, a sassauta riƙo, a gyara zama yadda nauyin jiki ba zai faɗa kan tafi ba, a tsaya duk bayan rabin awa a buɗe yatsu. Na san manomi ba ya ajiye aiki a tsakiyar dashe don likita ya ce. Ba na ce ka ajiye ba. Rarraba shi: bugun shinkafa dai ka ba yara ko 'yan ƙwadago bana, ya fi maka arha a kan tiyata.

Ga gwiwa, naɗa tawul ko tsohon zani a gwiwar da dare ka ɗaure sako-sako yadda ba za ta naɗe gaba ɗaya ba, ka daina dogara ta a kan tebur, waya kuma a sa a sifika. Ita takan fi jinkirin amsawa, a ba ta wata biyu zuwa uku.

Ga wuya akwai albishir: mafi yawan masu wannan ciwon suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Abin da ake so shi ne kada a tsokane shi kuma kada a sandarar da shi. Ka daina ɗaukar injin ban ruwa ko buhun taki a ka ko a kafaɗa. A aji, rubuta a allo daidai tsayin idonka, saman allon ka bar wa wani ɗalibi dogo, don ɗaga kai ana rubutu yana rufe ƙofar jijiyar. Matashi guda ɗaya matsakaici, wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa idan ka kwanta ta gefe. Kwanciyar ruf da ciki a bar ta. Motsa jikin da nake fara koya wa kowa shi ne wannan: zauna a miƙe, ido na kallon gaba, ja haɓa baya kai tsaye ba tare da sunkuyawa ba, riƙe daƙiƙa 5, saki, sau 10, sau uku ko huɗu a rana. Idan ciwon yana janyewa daga hannu yana komawa wuya, alamar alheri ce ko da wuyan ya ɗan ƙara zafi. Idan yana ƙara gangarawa yatsu, tsaya. Tsumma mai ɗumi a wuya minti 15 yana sassauta tsoka. Abin ɗaure wuya kuwa, idan an ba ka, na 'yan kwanaki ne, mako ɗaya ko biyu; wanda ya mai da shi abin ado tsokar wuyansa ce za ta mutu. Kada kuma ka yarda kowa ya murɗe maka wuya ya ce zai mayar da jijiya mazauninta.

Yanzu haɗin kemis. Ban san abin da aka ƙulla maka ba, amma na san abin da aka saba: dikilofenak, a ƙara ibufurofen ko firoksikam, a jefa deksametazon ko firednisolon, wani lokaci har da tiramadol. Ukun farko 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da lalacewar ƙoda yake ƙarawa, ballantana ga wanda ke wuni cikin rana yana gumi bai sha ruwa sosai ba. Mu da ke jin kukan da ake yi da ciwon ƙoda a yankin Haɗeja bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Deksametazon yana sa a ji garau kwana biyu, amma yana tayar da suga da hawan jini, ya kumbura fuska, ya cinye ƙashi idan an daɗe ana sha; wanda ya yi makonni a kansa kuma kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Farasitamol ya isa a fara da shi, ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada a wuce 8 a awa 24. Idan bai isa ba, ɗaya tak daga cikin ukun farkon nan (dikilofenak, ibufurofen ko firoksikam), bayan an ci abinci, na kwanaki kaɗan, ga wanda ba shi da olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini. Ciwon jijiya mai ƙuna da hana barci yana da nasa magunguna, irin su amitiriftilin kaɗan da dare ko firegabalin, amma da takardar likita, don na biyun ya riga ya shiga hannun 'yan shaye-shaye kuma yana kama mutum. Bitamin B da ake ta rubuta wa kowa yana amfani ne ga mai ƙarancinsa. Ba ya buɗe lungun da ya matse, kuma B6 idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya.

Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa inda jijiyar take. Wani yakan ji daɗi na kwana biyu saboda tsoka ta saki, ban musa ba. Amma fatar da ta mutu ba ta sanin zafi, don haka gashi da ruwan zafi ko sakiya a kanta ƙuna ce kawai, ga mai suga kuma gyambo ne da ba ya jin magani. Man zafi a wuya da kafaɗa babu laifi.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai shi ne ma'aunin tafiya asibiti. Kada ka auna da zafin ciwo, auna da ƙarfin hannu. Jijiyar da ke ciwo tana da rai. Wadda ta daina ciwo, yatsu suka mutu dare da rana, alli yana suɓucewa, maɓallin riga yana gagara, buta tana faɗuwa, tsoka tana lotsawa, ita ce ke mutuwa, kuma a daidai lokacin ne mutane ke cewa sun samu sauƙi. Gwada kanka duk mako: riƙe takarda tsakanin babban yatsa da gefen manuni wani ya ja, taɓa kan ƙaramin yatsa da babban yatsa, ware yatsu wani ya matse su, ka kwatanta dama da hagu. Da ka ga rauni, ko ka cika mako 6 kana bin abin da na faɗa babu canji, tafi. Akwai kuma waɗanda ba sa jiran mako: hannu biyu sun yi nauyi tare da tangaɗi a tafiya ko ƙafafu suna sandarewa, fitsari ko bayan gida yana ƙwacewa ko ya riƙe, ciwon wuya bayan faɗuwa daga babur ko bishiya, ko ciwon wuya da zazzaɓi da rama da gumin dare. Na farko alamar laka ce kanta ta danne, na ƙarshe kuma tarin fuka na ƙashin baya yakan zo haka.

Fara da babban asibitin da ya fi kusa da kai. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka sani hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, kuma kusan duk wanda ya haura 50 hoton wuyansa zai nuna alamun tsufa ko da lafiyarsa lau, don haka kada takardar hoto ta tsorata ka. Hoton babbar na'ura da ake kira MRI shi ke nuna faifai da laka, yana da tsada, kuma ba a buƙatarsa sai akwai rauni ko ana tunanin tiyata. Akwai kuma gwajin da ake sa ɗan lantarki a auna gudun saƙo cikin jijiya, shi ne ke raba gardama tsakanin wuya da wuyan hannu.

Ita maiɗakinka, wannan sanannen abu ne ga masu juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, saboda ruwan da jiki ke tarawa. Ɗaurin dare irin naka za ta yi, a ɗauke mata daka da matsar wanki, kuma yawanci yana tafiya cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. Kada ta taɓa dikilofenak, ibufurofen ko wani haɗi. Idan kumburin hannu ya zo da kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, a kai ta awo a ranar a duba jininta da fitsarinta, don hawan jinin ciki yana iya kai wa ga jijjiga.

Idan ɗaurin dare bai wadatar ba, mataki na gaba allura ce a cikin lungun wuyan hannu, wadda ke rage kumburi. Takan ba da sauƙi na makonni zuwa watanni, sau da yawa ciwon ya dawo, kuma sai wanda ya san wurin zai yi ta, don jijiyar tana nan kusa da bakin allurar. Bayan ita sai tiyata, wadda mutanenmu ke tsoro fiye da kima. A wuyan hannu ƙaramin aiki ne: a kashe wurin da allura, kana farke, a tsaga kaurin nan da ya rufe lungun, wajen minti 20, ka koma gida ran nan. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Tashin dare yakan tafi tun kwanakin farko. Mutuwar yatsu da rauni kuwa sun danganta da daɗewar dannewar, don jijiyar da ta lalace tana tsirowa ne wajen milimita 1 a rana, kimanin santimita 3 a wata, tsokar da ta haura shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu jijiya kuma da wuya ta dawo yadda take. Alli da biro za ka iya riƙewa bayan mako biyu ko uku, fartanya da babur sai wajen mako 6 zuwa 12. Idan ta kai ga haka, kuma babu raunin da ke sa gaggawa, ka nemi a sa maka rana bayan an kai amfanin rani gida, kafin ruwan shuka ya sauka.